Ɗan Karɓin Tanko

Kurmin Mashi, Kaduna
9 ga Maris, 1975

Takarda ta fito daga bakin Audi Makaɗi, ta hannun Malam Garba mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, zuwa ga jikana Rabe ɗan Kaltume, a Ikko.

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta aikinka. Mu nan sai godiya. Gwiwa ce take yi mini gardama da safe, amma in rana ta ɗaga mukan shirya. Matarka Delu tana gaisuwa, ta ce tunda ka bar ta da tsoho ko zanen Sallah babu, ita ta haƙura da kai.

Bayan haka, maganar nan ce dai da ka sani. Akwatin kiɗan da ka haɗa mini lokacin da kake zaune a gidan nan kana koyon aikin lantarki, ya cinye Tanko. Na faɗa maka ran da ka gama shi, ka ce in bari ya yi zafi. Na faɗa maka a tashar jirgin ƙasa, ka ce sai ka zo hutu. Hutun nan har yau yana hanya. Akwati ya yi zafi, ya huce, ya sake yin zafi, shekara da shekaru, Tanko bai fito ba.

Ko ka manta abin da ke cikin faifan nan ne? Shi kaɗai ne a duniya da ke da hannun kakanka Tanko a ciki. Tun zamanin Turawa mutanen kamfani suka ɗauke mu a wani ɗaki da aka lulluɓe da barguna. Ni ina riƙe da uwar kalangu, shi yana riƙe da ƙaramar, ɗan karɓi. In na kira, ya karɓa. Haka muka yi wa mahautan Babbar Kasuwa kiɗa tun muna samari, har ran da Mai shi ya karɓi abinsa. Ɗan baffana ne, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma ban taɓa ɗaga makaɗi na waiwaya in ga ko yana nan ba.

Yanzu in na ɗora faifan, kaina kaɗai nake ji, ina ta kira kamar mai sallama a kango. Inda Tanko zai shigo sai wuri ya yi fayau, sai shuu ɗin allura. Abin da ya fi ƙona mini rai, Delu tana tsakar gida tana tankaɗe sai ta ce, "Ai ga Tanko nan, Malam, ga shi nan tar." Ita da ba ta san kan kalangu da gindinta ba za ta ji shi, ni ban ji ba? Don ta kwantar mini da rai take faɗa, na sani.

Na kai kuka wurin Sanda mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya ce tun da aka yi ƙarin albashin nan kowane ma'aikaci ya sayi na Japan mai ƙyalli, ni ma in sayi ɗaya in huta. Na je shagon, aka ɗora mini faifan a kan nasu. Shi ma bai san Tanko ba.

Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ka gaya mini inda ka ɓoye shi. Garba yana cewa in sassauta harshe. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, ba shi ya yi ɗawainiyarka ba.

Kakanka, Audi.

*

Ikko
2 ga Afrilu, 1975

Zuwa ga Kaka Audi, tsoho mai ran ƙarfe.

Na sami takardarka, na kuma ji muryarka a ciki har sai da na gyara zama. Lafiyata ƙalau, sai zafin Ikko da cunkoso. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Ka gaya wa matata Delu zanenta yana nan tafe, kada ta bari wani tsoho ya hure mata kunne.

Kaka, ban ɓoye Kaka Tanko ba. Abin da ya faru shi ne na zuba ku a ɗaki ɗaya. Amfilifaya ɗaya, wato abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ita ke ɗauke da ku biyu. Lasifika ɗaya ke magana da bakinku, maɓallin murɗawa ma ɗaya ne. In ka murɗa don ka ji shi, kai ne kake ƙaruwa, kai da babbar muryarka, kamar dai yadda ka saba a gida.

Don haka za mu raba muku ɗaki. Kowa da amfilifayarsa, kowa da lasifikarsa, kowa da maɓallinsa. Zan haɗa wani ɗan abu da sauti zai fara biyowa ta cikinsa in ya fito daga faifai. Ka ɗauke shi kamar Mararrabar Jos: mai kauri ya miƙe hanyarsa, siriri ya karkata tasa.

Ga shawarata kan zaɓi. Tsohuwar amfilifayar da ke wurinka, mai kwalabe masu yin ja in sun ɗumama, ba ta da ƙarfi sosai amma muryarta da laushi. Ita za mu ba ɗan karɓi, tare da ƙaramar lasifika da zan aiko. Siririyar murya ba wuta take ci ba, tsabta take so. Uwar kalangu kuwa ci gare ta, sai mu gina mata sabuwa mai tiransista, ta tura babbar lasifikar nan taka. Zan aiko kayan da zanen yadda za a haɗa su, Sanda ya kama dalma. Kai kuma aikinka akwatin babbar. Mai sassaƙa kalangu ba a koya masa itace: katako mai kauri, kada a bar kafar da iska za ta bi, a cusa auduga a ciki.

In tambaye ka wani abu, kada ka ce don me. Har yanzu kana jin kukan gyare a gidan nan?

Jikanka, Rabe.

*

Kurmin Mashi
11 ga Mayu, 1975

Zuwa ga Rabe. Gaisuwa da fatan kana lafiya. An yi ruwan farko shekaranjiya, garin ya yi sanyi, gwiwa ta samu abin faɗa.

Garba ya karanta mini. Da farko ban yarda ba. Tsohuwa ga Tanko, sabuwa gare ni? Mutane su ce Audi ya ci rabon mamaci? Kwana na yi ina juya abin. Sai na tuna Tanko bai taɓa son sabuwar fata ba. In na ɗaura masa sabuwa sai ya yi ta tsaki har ta yi wata guda a hannunsa. To, a ba shi tsohuwar. Amma ka sani ba don ka faɗa ba ne.

Akwati na gama shi. Maɗaci na samu a wurin masu katako, na fere shi da hannuna, na toshe kowace kafa da nake, irin wanda muke manna wa fatar kalangu. Audugar kuwa matashin Delu na farke, har yau ba ta yi mini magana sosai ba. In ka ƙwanƙwasa shi da yatsa ba ya amsawa, gum yake yi. Sanda ya zo ya gani ya ce ko na kanti bai kai shi ba. Na ce ai ban tambaye ka ba.

Na gyara wa Tanko wuri a kan kanta, sama da nawa, daga hagu. Nan yake tsayawa.

Maganar gyare kuma, wace irin tambaya ce wannan? Gyare sun bar Kurmin Mashi tun da aka cika ta da gine-gine. An daɗe rabona da jin ko ɗaya. Ka bar zancen ƙwari ka aiko da kaya.

Audi.

*

Ikko
16 ga Yuni, 1975

Kaka, gaisuwa a gurguje, ina lafiya. Ina buga wannan a keken rubutu na ofis, direban da zai kawo maka kaya yana jira. Komai yana cikin kwali, mararraba tana cikin gwangwanin taba, takardar zanen aikin kuma a ba Sanda. An tura mu aiki Fatakwal, ban san ranar dawowa ba.

Ga magana guda, don na san halinka: ka kare tun kafin ka kunna. Ba wasan jika nake yi ba, gaskiya ce. Sanda ma zai gaya maka haka.

Rabe.

*

Kurmin Mashi
20 ga Yuli, 1975

Garba ya ce ba a fara takarda babu gaisuwa. To, ina gaishe da mutanen Ikko.

Rabe, ni ne na ƙare?

Sau uku na sa Garba ya maimaita, a gaban masu sayen kan sarki, ko kunnena ne ya yi mini ƙarya. Ya ce haka aka rubuta. Ka ƙare tun kafin ka kunna. Har ka ƙara da cewa ba wasa kake yi ba, kuma Sanda ma ya sani. Ashe zama kuka yi a kaina, kai daga can, shi daga nan. Ashe tambayar gyare ma ba'a ce.

Uwarka Kaltume ta kawo ka gidan nan da akwatin kwano da wando biyu. A ɗakin Tanko ka kwana. Da ɗan karɓinsa na koya maka riƙon makaɗi, kana bugu kamar mai kashe kunama. Ban taɓa ce maka ka ƙare ba, ko ran da ka ƙona mini rediyo.

Ban nuna wa Sanda takardar ba. Na zauna a shagonsa kullum, ya kama dalma ina riƙe masa waya, har sabuwar amfilifaya ta tashi. Ran da ya gama ya ce in bari gobe zai zo gida ya ƙarasa, akwai ɗan abin da ya rage a wajen ƙaramar lasifika. Na ce wanda ya ƙare ba ya jiran gobe. Na ɗora kaya a ka na taho. Ja ga ja, baƙa ga baƙa, wannan ko makaho ya iya. Na haɗa da hannuna, na murɗe maɓallin Tanko har ƙarshe, na ɗora faifai, na kunna.

Kwalabe suka fara ja. Wani gurnani ya taso. Na ji kaina na yi kira. Sai na ji bugu ɗaya, Rabe. Ɗaya tak, daga hagu, daga sama, daidai inda yake shigowa. Kafin in ce Tanko, abin ya yi ƙit, wari ya cika ɗaki kamar an babbaka ƙafar akuya.

Sanda ya zo ya duba ya ce ƙaramar ta ƙone, kuma irinta babu a Kaduna. Ya so ya yi bayani, na ce ya riƙe abinsa.

Ban san zan binne shi sau biyu ba. Da ban ji bugun nan ba da ya fi mini sauƙi. Yanzu ko ina cin tuwo sai in ji shi, in waiwaya hagu.

Ka ci gari. Ba sai ka amsa ba.

Audi, wanda ya ƙare.

*

Ikko
14 ga Oktoba, 1975

Zuwa ga Kakana Audi.

Barka da shan ruwa, barka da Sallah, ko da a makare. Jiya na dawo daga Fatakwal na tarar da takardarka a ƙarƙashin ƙofa, ta yi wata da watanni tana jirana. A tsaye na karanta, sai da na nemi wurin zama. Da hannuna nake rubuta wannan, kuma ina roƙon Malam Garba ya bi ta a hankali.

Kaka, wallahi ban ce ka ƙare ba. Cewa na yi ka kare, na kariya, irin na garkuwa. Keken ofis na Turawa ne, ba shi da ƙa mai lanƙwasa, da ƙa da ka duk abu ɗaya yake bugawa. Malam Garba bai yi laifi ba, ya ga tsoho a gabansa, ya ga baƙi a takarda, ya sa lanƙwasa inda ya zata keke ya cinye ta. Ni ne na yi gaggawa ban faɗi abin da za a kare ba.

Ƙaramar lasifika nake nufi. Mai kwalabe tana gurnani in tana ɗumama, gurnani kuwa kauri ne, ƙaramar ba ta jure kauri. Ana sa mata kwandansa a bakin ƙofa, wani ɗan abu kamar guntun rake, ya tare mai kauri ya bar siriri ya wuce. Shi ne abin da Sanda ya ce ya rage. Shi ne kuma abin da na ce zai gaya maka.

Na zaga kasuwa yau na samo wata ƙaramar lasifikar. Na manna mata kwandansan da kaina, yadda ko ka yi fushi ba za ka iya mantawa da shi ba. Direban nan zai kawo. Ka fara da maɓalli a ƙasa, ka bar kwalabe su yi ja, sannan ka riƙa hawa kaɗan-kaɗan.

Saura maganar gyare, kuma gara ka ji daga bakina. Gyare ba su bar Kurmin Mashi ba, Kaka. Delu ba ƙarya take yi ba, tana jin Kaka Tanko a faifan nan, ni ma ina jin sa tun ran farko. Kunnen da ya yi shekaru da kalangu a ƙarƙashin hammata, siririn sauti yake fara saki. Na rasa yadda zan gaya maka a tasha, shi ya sa na ce sai na zo hutu. Dalilin raba muku maɓalli ke nan: ka ɗaga shi shi kaɗai, har ya iso inda kake.

Wanda ya ƙare ba ya fere maɗaci. In an ba ni hutu, da ni za a yi Babbar Sallah.

Jikanka, Rabe.

*

Kurmin Mashi
25 ga Janairu, 1976

Zuwa ga Rabe ɗan Kaltume, jikan Tanko.

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Delu ta ce zane ya iso, amma zane ba ya cin tuwo.

Garba ya karanta taka ta watan Sallah ƙarama, ya cire hula ya ce in yafe masa. Na ce shi da keken Turawa su je su sasanta. Maganar kunne kuwa ban yarda ba, sai da na tambayi Delu ko akwai gyare a gidan nan. Ta dube ni ta ce, "Malam, ai su ke hana ni barci." Rubuta haka, Garba, yadda ta faɗa.

Na kira Sanda da kaina, ya zo ya haɗa, na ba shi goro. Muka bar kwalabe suka yi ja. Na sa nawa maɓallin a ƙasa, karo na farko a rayuwata da na rage murya don wani. Na kama na Tanko ina hawa. Sanda ya fara yamutsa fuska. Na ƙara. Delu ta toshe kunne ta fita tana cewa zan tsinka mata kai. Na ƙara.

Sai ga shi.

Rabe, ga shi nan da ɗan jinkirin nan nasa, wanda nake yi masa faɗa a kai, yana bari sai kamar ya makara sannan ya faɗo daidai. Na kira, ya karɓa. Na kira, ya karɓa. Sanda ya tashi ya fita ya ja mini ƙofa, Allah ya yi masa albarka.

Akwai abin da na manta sarai. A ƙarshen faifan, da Baturen kamfani ya ɗaga hannu a tsaya, ni na tsaya, Tanko bai tsaya ba. Ya buga takena, ya ce da bakin kalangu, "Audi na Delu, ina ka tsaya?" Daga nan allura ta kai ƙarshe. Ranar dariya muka yi har bakin titi. Shekarun nan duka ina cewa ina kira ba a karɓa, ashe shi ne ya yi kiran ƙarshe yana jirana.

Na sauko da uwar kalangu daga bango. Tsarkiya ta bushe, hannu ya yi nauyi, amma ta yi magana. Na ce masa, "Ga ni nan tafe." Delu tana bakin ƙofa, ashe ta san bakin kalangu fiye da yadda nake zato. Ta ce, "Malam, ka sake masa wata amsar, wannan ba na son ta."

Yanzu maƙwabta sun san lokacin. Bayan la'asar in na kunna, mai shagon gefe yakan ce Tanko ya zo, ya rufe tagarsa.

Amma ga abin da ya sa na taka har gidan waya da gwiwar nan. Faifai amsa ɗaya gare shi. Abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa gobe. In na canza kira, ba ya biyo ni. Na yi sabon take ran nan, na buga, na saurara hagu, sai shuu.

Babbar Sallah ta zo ta wuce. Delu ta ajiye maka soyayyen nama a tukunya har ya fara ƙamshin tsufa. Na aika maka takarda bayan Sallah, shiru. Na tare direban nan a tasha, ya ce ya ga ƙofarka a rufe. Ban sani ba ko Fatakwal ce ta sake haɗiye ka, ko hutun nan ne dai da ba ya isowa.

Na ɗaura wa ɗan karɓin Tanko sabuwar fata. Yana rataye a hagu, ƙarƙashin lasifikarsa. Sabuwar fata sai ta yi wata a hannu kafin ta faɗa, kuma hannun ba nawa ba ne, ni ba na kira in karɓa wa kaina. Ko bugun kashe kunamar ne, ka zo da shi, zan gyara. Ka kuma yi sauri, don maɓallin Tanko ya kusa kai ƙarshe, kullum sai na ɗan ƙara.

Wanda ke ƙarƙashin ƙasa ya amsa mini, Rabe. Kai da kake sama da ita, me ya riƙe ka? Kada ka buga mini a keke. Ka rubuta da hannunka, ko ka taho da hannun gaba ɗaya.

Na kira. Ka karɓa.

Kakanka, Audi Makaɗi.